Maigidan da Ya Ƙi Takawa Baya

Akwai wani maigida da yake zaune a wata unguwa a bayan babban birni. Sa'ad da ya gina gidansa a wurin, gonakin dawa ne suke kewaye da shi, babbar motar haya kuwa a ƙofarsa take tsayawa, direba ya yi ta danna ham har sai ya fito. Amma mutane suka yi ta zuwa, suka yi ta gini, har unguwar ta wuce gidansa, ta kai inda kwalta ta ƙare. Gidaje sun ƙaru, hanya kuwa tana nan guda ɗaya tak. Motocin haya ma ba a ƙara su ba, sai tsufa da suka yi. Saboda haka tun daga Ƙarshen Kwalta mota take cika maƙil, ta wuce ta gabansa ba ta tsaya ba. Mutanen unguwar suka koyi dabara: duk mai son shiga birni sai ya taka baya zuwa Ƙarshen Kwalta, ya bi layi a can.

Maigidan nan yana da ƙane a cikin birni, sunansa Filibus. Ranar jana'izar mahaifinsu maigidan ya faɗa wa Filibus baƙar magana a gaban jama'a, ya ce kada ya ƙara taka ƙofar gidansa. Filibus kuwa bai ƙara takawa ba. Shekaru suka shuɗe, ba gaisuwa, ba aike. Ba wai ya daina ƙaunar ƙanensa ba ne, a'a, abin yana cinsa a rai ƙwarai. Bakin ne ya yi masa nauyi.

Wata rana da sassafe sai Rifkatu, matar Filibus, ta kira shi a waya. Ta ce, “Yaya, ƙanenka yana asibiti, jiki ya yi tsanani. Tun jiya sunanka yake kira. Don Allah ka zo da wuri.”

Nan da nan maigidan ya miƙe. Ya sa riga, ya ɗauki hula, ya fito ya tsaya a ƙofar gidansa, inda ya saba tsayawa a dā.

Mota ta zo, mutane har suna lilo a bakin ƙofarta. Ya ɗaga hannu, ta wuce. Wata ta zo, ita ma haka. Masu keke mai ƙafa uku ba sa haye gadar shiga birni, 'yan acaɓa kuma an hana su hawa babban titi. Yana nan tsaye, rana tana ɗagowa.

Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefen hanya, ana ce mata Mama Laraba. Ta dube shi ta ce, “Baban Talatu, ai yanzu ba a samun mota a nan. Taka ka koma Ƙarshen Kwalta tun hanya ba ta toshe ba.”

Ya ce, “Ni? Birni yana gaba, in nufi baya? In je in bi layi a bayan waɗanda suka tare jiya jiya? Ni na fara sare ciyawa a unguwar nan!”

Ta ce, “To, Allah ya kawo mai wuri.” Ta ci gaba da tuyarta.

Wayyo, jama'a! Tafiyar da ko gumi ba za ta sa shi ba, ita ce ta gagare shi. Ya yi ta ɗaga hannu, motoci suna wucewa, yana zagin direbobi, yana zagin hukuma, yana zagin baƙin da suka cika unguwa. Abin da yake faɗa kuwa akwai gaskiya a ciki, amma gaskiyar ba ta matsa da shi ko taki ɗaya ba.

Sai da rana ta take, Mama Laraba ta kwashe kaskonta ta tafi, ba mai ganinsa, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya taka baya. Ashe ba nisa. Ya bi layi, ya sami wurin zama, mota ta tashi. Amma kafin su kai gada, hanya ta riga ta kulle. Mota gaba, mota baya, waɗansu sun bi hannun da ba nasu ba sun toshe ko'ina. Hayaƙi, zafi, ƙarar ham. Direba ya kashe inji ya jingina da kujera.

A nan wayarsa ta yi ƙara. Rifkatu ce, tana kuka. Ta ce, “Yaya, ya cika. Da safe da hankalinsa sarai. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗago kai ya duba.”

Maigidan ya rufe fuska da hularsa, ya yi kuka mai zafi a tsakiyar mutanen da bai sani ba. Motar kuwa ba ta motsa ba.

To, ga ma'anar misalin nan. Ƙofar gidan ita ce inda kowannenmu yake tsaye yana cewa, “Ni ne babba, ni aka yi wa laifi, a zo a same ni.” Takawa baya ita ce tuba: ka ƙasƙantar da kanka, ka koma inda ka ɓata, ka ce, “Na yi kuskure.” Tsohuwar nan kuwa ita ce muryar da Ubangiji yake aiko mana ta bakin wanda ba mu ɗauka a bakin kome ba. Cunkoson shi ne sha'anin duniya, kullum ƙaruwa yake yi, ba ya jiran mai jinkiri.

'Yan'uwa, na san a cikinmu akwai wanda yake zaune a benci ɗaya da wanda ba ya gaisarwa. Akwai wadda ta share lambar 'yar'uwarta daga waya. Kuna cewa za ku shirya wata rana. Maigidan nan ma ya yi niyya, ya kuma isa asibiti daga baya. Amma gawa ya tarar, gawa kuwa ba ta cewa, “Na yafe maka.”