Motar Kura a Hannun Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo, kunnuwanmu na jiranta.

Namun daji suka ƙirƙiro tseren ƙananan motoci, irin waɗanda ake sarrafawa da rimot. Sharaɗin gasar shi ne injin kowa da batirinsa su kasance iri ɗaya, wanda ya zo na fari kuma a ba shi cinyar rago. Kura, da yake haɗama ta riga ta zame mata ɗabi'a, sai ta cusa wa motarta babban inji a asirce.

Ranar tsere, Malam Dila, wanda aka naɗa alƙali, ya ce wa Kura, "Baiwar Allah, kin rantse motarki daidai take da ta kowa?"

Kura ta ce, "Allah gafarta Malam, ko da alwala zan rantse."

Ya ce, "Madalla. Tunda babu bambanci, ba Kunkuru taki, ki karɓi tasa."

Aka saki motoci. Kunkuru, wanda kaf zuriyarsa ba a taɓa samun mai sauri ba, ya ga motar da ke hannunsa ta wuce ta kowa, yana ta salati don tsoro.

Da Kura ta ga cinya za ta kuɓuce mata, sai ta ce, "Malam, wannan zalunci ne. Akwai babban inji a cikin motar nan."

Dila ya ce, "Shaidarki ta karɓu. Wa ya saka shi?"

Ta ce, "Aljanu."

Ya ce, "To, ba ni da hurumin hukunta aljanu. Tsere dai ya ɓaci, cinya kuma ta zama haƙƙin alƙali." Ya yi bisimilla, ya cinye tana kallo.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.