Notin da Ya Ƙi Kwancewa

An yi wani mutum, bakanike ne, a wani layin gareji da ke bayan kasuwar katako. Allah ya yi masa baiwar kunne. Mota za ta shawo kwana ta shigo layin, shi yana zaune a kan tsohuwar taya yana kurɓar shayi, sai ya ce, "Waccan ƙafarta ta hagu ke ciwo." A ɗaga a duba, a tarar haka ne. Har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Kunne.

Ya 'yan uwa, shi ya ƙera wa kansa kunnen? A'a, kyauta ce daga Allah. Kuma ba ita kaɗai aka ba shi ba. Allah ya ba shi wa nagari. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wan nan shi ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon aiki, shi ya saya masa akwatin sifanu na farko. Shi wan nasa direba ne. Yana jan wata jif mai dogayen ƙafafu, yana kai malaman jinya ƙauyukan da ke bayan duwatsu, inda kwalta ba ta taɓa zuwa ba.

To amma yabo ya yi wa Mai Kunne yawa, kansa ya kumbura. Ya kai har yana cewa a bainar jama'a, shi tun da ya buɗe gareji bai taɓa neman hannun kowa ba.

Wata safiya wan ya shigo da jif ɗin, gabanta na rawa kamar kwale-kwale.

"Auta," in ji shi, don haka yake kiransa har gemu ya fito masa, "saurara mini tsohuwar nan."

"Na ji ta tun daga bakin titi, Yaya. Shakazobar gaba ce, duka biyun sun mutu. Bushin ma sun cinye."

Ga wanda bai sani ba, shakazoba ita ce ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye girgizar hanya, ya danne taya a ƙasa. Bushin kuwa robobi ne da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Kuma kowane bakanike ya sani, biyu-biyu ake canja su. In ka sa sabuwa a dama ka bar matacciya a hagu, ka yi wa mota ɗingishi.

Wan ya je ya kawo sababbi cikin kwalayensu, ya ajiye, ya ce zai dawo da la'asar.

Mai Kunne ya sa jak, ya cire tayoyi. Ɓangaren dama ya tafi sumul, kafin hantsi ya gama. Ya juya hagu. Nan ya gamu da gamonsa: notin ƙasa ya ci tsatsa, laka da ruwan shekaru sun haɗe shi da ƙarfe. Ya sa sifana, shiru. Ya zuba mai, ya buga da guduma, ya ƙara dogon bututu a jikin sifana ya hau da ƙafa. Ko gezau!

Maƙwabtansa, mai walda da mai faci, suka matso kallo.

Mai faci ya ce, "Kai, yau Mai Kunne ya gamu da kurma!"

Aka yi dariya. Mai walda kuwa da zuciya ɗaya ya ce, "Maigida, bari in jawo wuta in gasa maka shi. Yanzu zai saki."

Jama'a, me ya fi wannan sauƙi? Kalma ɗaya ce, "To." Amma dariyar nan ta soke shi. Ya ce, "Je ka ji da ƙofofinka. Ni ba a koya mini aiki."

Aka kira azahar, layi ya watse zuwa masallaci. Shi ya ce yana tafe. Da ya ga ba kowa, sai ya wanke tsohuwar shakazoba da fetur tana nan a maƙale, ya fesa mata baƙin fenti, ta yi ƙyalli kamar amarya. Tsofaffin bushin ya shafe su da baƙin mai. Sabuwar kuwa, da ita da robobinta, ya tura ƙarƙashin benci, ya ce a ransa, "Ranar da ba idon mutane zan sa masa."

A layin nan akwai al'ada: duk abin da aka cire a mota, a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ake zuba wa mai ita, shaida ce cewa an canja. Mai Kunne ya leƙa tarin tsofaffin ƙarafa ya ɗauko shakazobar wata motar, ya haɗa da ta dama, ya jefa a but. Kun ga yadda ƙarya take haihuwa?

Da la'asar wan ya dawo. Bai ko buɗe but ba.

"Auta, duka biyun ka sa?"

"Wallahi duka biyun, Yaya."

"Allah ya yi maka albarka."

Subhanallah! Ya ɗauki sunan Allah ya rufe noti da shi, aka kuma saka masa da albarka. Motar na fita ya ji ta. Kunnensa bai yi masa ƙarya ba, ƙwas-ƙwas ɗin na nan a hagu. Ya buɗe baki zai kira wansa, ya hango mai faci na kallonsa, ya rufe.

Gobe, jibi, gata. Kullum sai ya ce yau zai kira shi, kullum sai kunya ta hana.

Rana ta tara, da tsakar rana, jif na saukowa wani gangare mai gargada, malaman jinya biyu a baya. A kan kwana sai ga jaki. Wan ya taka birki. Tayar dama ta kama ƙasa, ta hagu tana ta tsalle ba abin da ke danne ta. Motar ta fizge, ta wuntsila sau biyu, ta je ta jingina da wata bishiya. Bayan bishiyar nan kwazazzabo ne mai zurfin gaske.

Alhamdu lillahi, ya 'yan uwa, ku ce alhamdu lillahi! Shekara nawa bishiyar nan ta yi tana girma a wurin, tana jiran wannan rana? Malaman jinya suka fito da ƙujewa kawai. Wan ma ya fito da rai, sai dai ƙofa ta danne hannunsa na dama. Likitoci sun ceci hannun, amma ba zai sake riƙe sitiyari ba.

Aka jawo motar, kuma ina za a kai ta in ba layin gareji ba? Mai walda ya kwanta a ƙarƙashinta. Ya sa farce ya kankare shakazobar hagu, fenti ya ɓare, tsatsa ta bayyana. Ga notin nan daram, da tabon sifana a jikinsa. Ya tashi ya shiga garejin, ya dudduba, ya jawo kwalin sabuwar shakazobar daga ƙarƙashin benci, ya ajiye a tsakiyar layi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya ha'inci wansa uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai ba shi motar iyalinsa? Masu motoci suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata uku Mai Kunne ya rufe garejin. Mutumin da ya guji dariyar mutum biyu, ga shi gari guda na nuna shi da baki.

Amma abin da ya fi ƙona shi ba wannan ba ne. Ranar da ya iya zuwa asibiti, ya durƙusa a gefen gadon wansa, ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi, ya so a mare shi. Sai wan ya ɗora masa hannun hagu a ka.

"Auta, tashi. Na gode wa Allah da ba a ɗauko gawar 'ya'yan mutane a motata ba. Na gode masa da bai sa ka kwana da jinina a wuyanka ba. Abu ɗaya ne ke damuna. Da ka ce mini noti ya ƙi, wallahi ko mako guda ne zan jira ka. Ni da na jira ka ka girma?"

Mai Kunne ya fashe da kuka kamar yaro.

Yau yana nan, yana wankin mota a bakin titi, da abin da ya samu yake ciyar da gida biyu. Kunnen na nan, Allah bai karɓe ba. Mota ta wuce ya ji ciwonta, amma ba mai tambayarsa. Duk da haka in ka gaishe shi sai ya ce ya gode Allah, don an tona masa asiri tun a duniya, tun ƙofar tuba na buɗe.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci ko allura ba. Girman kai ne ya hana shi cewa "na kasa", ya kai shi ga ha'inci, ha'inci ya kai shi ga rantsuwar ƙarya. Kai tela, kai magini, ke mai ba da magani, rayukan mutane ne a hannunku. Godiyar baiwa ita ce ka yi aiki da ita tsakani da Allah, inda ta tsaya kuma ka ce ta tsaya. Kowannenmu ya tambayi kansa: wane noti na rufe da fenti? Je ka kwance shi yau, tun motar ba ta kai gangare ba.

Mun gode wa Allah da yake suturta mu alhali ya san abin da ke ƙarƙashin bencinmu. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko za a yi mana dariya. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka amince da hannunmu. Amin.