Sunan Yankan Ɗantala

Ku gyara zama, ga shari'ar da ba ta da alƙali sai ku.

A wani kamfanin matse gyaɗa aka sanar cewa duk wanda bai kai lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa da cikakken sunansa ba kafin la'asar, ma'aikacin bogi ne, za a cire shi daga albashi da inshorar asibiti. Ranar kuwa motar Ɗantala, direban kamfanin, ta kife. Ga shi kwance bai san inda kansa yake ba, likitoci na jiran inshora kafin su yi masa aiki, matarsa kuma tana kan gwiwa.

Baraka, mai haɗa albashi, da ta ji labari sai ta duba, ta ga Ɗantala bai kawo lambarsa ba. Manaja ya ce ta tura sunaye, ta ƙi, ta ce sai da na Ɗantala. Leburori suka cika ƙofa suna zaginta za ta ja musu asarar albashi, manaja ya ce in la'asar ta wuce ta nemi wani aikin. Ta yi kunnen uwar shegu.

Lantana mai tuwon bakin kamfani ta tuna Ɗantala ya taɓa cewa lambar na cikin wayarsa. Ta bar tukunya a wuta, ta hau acaɓa har inda motar ta kife, ta rarrafa ƙarƙashinta mai na ɗiga a zaninta, ta zaro wayar, ta kawo wa Baraka.

Baraka ta shigar da lambar, na'ura ta ce suna bai dace ba. Ashe Ɗantala laƙabin haihuwar Talata ne, sunan yankansa kuwa ba wanda ya sani. Aka ɗauko mahaifiyarsa, Iya Gambo. Shi ne ɗan farinta, tun da aka raɗa masa suna kunya ba ta bar bakinta ya furta shi ba. Kada ku ce ta rubuta, ko alif ba ta sani ba.

"Iya, ki taimaka, lokaci na tafiya," in ji Baraka.

"'Yar nan, da wane bakin?"

Ladan ya fara gyaran murya zai kira la'asar. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Zakariya'u," ta fashe da kuka.

Na'ura ta karɓa, aka yi aiki. Ɗantala ya farfaɗo ya tarar an haifa masa 'ya mace, ya rantse wadda ta cece shi zai yi wa takwara. Gobe suna, jaririya kuma ɗaya ce.

To, Baraka, Lantana ko Gambo, sunan wa za a raɗa mata?