Sarkin da Ya Hana Daka

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa akwai wani gari a gindin duwatsu, ana kiransa Tsaunin Marke. Wata shekara da ruwan sama ya yi yawa, sai ƙasa ta kama rawa. Ba babbar girgiza ba ce, ƙanana ne bi da bi, yau ƙwarya ta kife, gobe bango ya tsage.

Sarki Jatau ya tambayi Waziri Tanimu dalili. Shi kuwa Wazirin nan, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa bai sani ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dakan mata ne ya yi yawa. Taɓarya ke motsa dutse."

Aka yi shela aka hana daka. Ba tuwo, ba fura, sai jiƙaƙƙen gero. Yara suka yi ta kuka, Sarki kansa wuyansa ya zama kamar na zalɓe, ƙasa kuwa ba ta fasa rawa ba. Waziri ya ce ai a ɓoye ake yi, gobe a ƙone turame duka.

Ana nan sai wani falke, Madugu Anaruwa, ya sauka. Ya nemi fura ya rasa, da ya ji dalili sai ya nufi fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na taɓa ganin irin wannan a wata ƙasar duwatsu. Wani malaminsu ya nuna mini tsaga a dutse, ya ce duwatsun ƙarƙashi danne suke da juna. In ruwa ya ratsa tsagar sai su yi santsi, su riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, kowace zamewa girgiza ce. Mutanen suka janye gidajensu daga gindin manyan duwatsu, suka yi jinka maimakon soro. Da rani ya yi, abin ya lafa."

Sarki ya ce, "To, taɓarya fa?"

"Ranka ya daɗe, da taɓarya na iya wa dutse, da tuni mata sun yi tuwo da shi."

Sarki ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗage dokar hana daka, ya sa a yi yadda falke ya faɗa, ya ba shi doki da alkyabba. Kafin la'asar gari ya ɗauki lugude da guɗa. Waziri kuwa aka miƙa masa taɓarya, shi ya daka furar fada yana haki.

Masu hikima sun ce, in babba ya ji kunyar cewa bai sani ba, gari guda ke kwana da yunwa.