Jinin da Ya Yi Jira a Kan Tire

'Yan uwa, ku gyara zama. Akwai wata baiwar Allah, likita ce mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Kowa Dakta yake ce mata.

Aikinta da ruwan jini ne. Idan aka ɗebi jini aka juya shi a na'ura, ja yakan kwanta a ƙasa, wani ruwa garai-garai ya taso sama. A cikin wannan ruwa akwai furotin iri-iri, kuma idan cuta ta shiga jiki wasunsu sukan canza. Burin Dakta shi ne ta gano wanda zai tona asirin ciwon ƙoda tun kafin mutum ya kwanta.

Shekaru ta yi tana nema. Ta kwatanta ruwan jinin marasa lafiya da na masu lafiya, ta sake kwatantawa, shiru.

Wata safiya sai ga shi a kan allon kwamfuta, layi ya yi tsalle ya miƙe. Duk marasa lafiya suna da alamar, masu lafiya kuwa ko ɗaya babu.

Da gudu ta je ta kira Farfesa, shugaban sashen. Dattijon da bai taɓa sauri ba ya iso yana haki, gilashinsa a hannu.

"Dakta, kin san abin da kika kamo kuwa? Zan tara likitocin asibitin nan kaf, ki tsaya a gabansu. Sunanki ne a sama."

Ranar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba.

Da yamma ta biya gidan mahaifiyarsu da albishir. Ta tarar da ƙanwarta Auta, wadda nas ce a ɗakin masu ciwon ƙoda, ta miƙe a kujera tana matsa ƙafa.

"Ah, Yaya ta zama babbar mutum," in ji Auta. "To idan kin hau sama, ki sa a riƙa zuwa ɗaukar jinin nan da wuri. Mu ɗiba da sassafe, ya yi ta zama a kan tire yana jiranku har rana ta take. Ni har gaishe shi nake yi in na wuce."

Mahaifiyarsu ta yi dariya. Dakta ba ta yi ba.

Su masu lafiya da ƙafarsu suke zuwa ɗakin gwaji, a ɗiba a juya nan take. Na marasa lafiya kuwa ashe sai ya sha zama. Ita kuma ta sani sarai, jini idan ya daɗe a ajiye, furotin ɗin cikinsa yakan fara gutsurewa.

To me na'urar ta gani, ciwon ko jiran?

Zuciya ta ce mata ta yi shiru, ai babu wanda ya lura. Taro ya matso, Farfesa ya riga ya gaya wa kowa. Amma ta tuna cewa da wannan gwajin za a kalli mutum a ce masa ƙodarsa ta taɓu, ko a ce masa ya tafi gida lafiyarsa ƙalau.

Washegari ta kira Auta ɗakin gwaji, ta naɗe hannun riga.

"Ɗebi nan, ki ɗebi nan."

"Hannu biyu? Yaya, sayarwa za ki yi?"

"Ke dai ɗiba, sarkin surutu."

Na hannun dama ta juya shi nan take. Na hagu ta ajiye a kan tire, ta bar shi har rana ta take. Da sakamako ya fito, na dama babu komai. Na hagu kuwa ga alamar nan tsaye ƙiƙam.

Ta ɗauka ta nufi ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ina da ciwon ƙoda, amma a hannun hagu kawai."

Ya kalle ta, ya kalli sakamakon. Da ta gama bayani, fuskarsa ta canza.

"Na riga na gayyaci mutane, Dakta. Da wane baki zan ce musu su zauna?"

"Da nawa, ranka ya daɗe. Ni zan faɗa musu."

Haka kuwa aka yi. Ta tsaya a gaban likitoci ta ce abin da ta gano jiran tire ne. Wasu suka yi dariya, har wani ya riƙa tambayarta ya jikin hannun hagu duk inda suka haɗu.

Ta koma ta faro daga tushe. Ta kai ƙaramar na'urar juya jini ɗakin marasa lafiya, ya zama na kowa ana juya shi da zarar an ɗiba. Watanni suka shuɗe.

Da aka sake gwadawa, babbar alamar nan ta ɓace ɓat. Amma da ta kau, sai ga wata 'yar ƙarama da ta daɗe a ɓoye a bayanta. Tana nan a jinin masu ciwon, har da waɗanda nasu bai yi nisa ba. Dakta ta sake gwadawa da jinin wasu mutane daban. Tana nan daram.

Wannan karon a hankali ta taka zuwa ofishin Farfesa. Ya daɗe yana duban allon.

"Ita wannan, kin gwada ta da naki jinin?"

"Hannu biyu, ranka ya daɗe. Har na tire. Babu ita."

Dattijon ya ajiye gilashinsa, murmushi ya ƙwace masa. Ya fara naɗe hannun riga.

"Kira min ƙanwar nan taki. A ɗebi nawa ma, sannan mu tara mutane."

Darasi: Abin da ka fi so ya zama gaskiya, shi ya fi cancanta ka bincika da kyau. Kunyar gyara kuskure ta ɗan lokaci ce, kuma sau da yawa alherin na gaske yana bayan kuskuren da ka yarda ka kawar. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai bukatar jin wannan a yau.