Muryar Modibbo a Cikin Kaset

Akwai wata ɗaliba mai suna Mardiya, 'yar wani mai shagon atamfa a kasuwar Lafia. A shekarar 2006 makarantarsu ta tura ta sanin makamar aiki a ɗakin adana kayan tarihi na wata jami'a da ke da reshe a garin.

Ita ta zaci gaban kwamfuta za a zaunar da ita. Sai ta tarar da ɗaki mai warin tsohuwar takarda, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar, ga kwalaye har kusa da silin.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Tibi, ana ce masa Oga Iorfa. Hausarsa irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Aikin da ya ba ta na kaset ne. Shekarun baya wani malamin jami'a ya zaga ƙauyuka da rugage yana ɗaukar muryoyin tsofaffi. Da ya rasu, iyalansa suka kawo kaset ɗin cikin buhu. Danshin damina ya riga ya shige su, da yawa sun yi fumfuna.

Oga Iorfa ya ɗaga ɗaya ya nuna mata. "Ka ga wannan fari-fari a ciki? Kaset da ya yi haka, kar ka sa shi a rediyo. Ko babanka ne ya roƙe ka."

Mardiya yarinya ce mai kirki, amma akwai ta da ɗoki. Ba a rufa mako ba, Oga ya fita cin abinci, ta ce a ranta bari dai ta ɗan ji ɗaya.

Muryar wata tsohuwa ta fito tana waƙar niƙa da yaren Alago. Ba ta yi nisa ba sai muryar ta fara ja, ta shaƙe. Rediyon ya haɗiye zaren kaset ɗin, ya tauna shi.

Da Oga Iorfa ya dawo bai yi faɗa ba. Ya kwance rediyon, ya zaro zaren a cukurkuɗe, ya ajiye a kan teburinta.

"Wannan mama ya mutu tuntuni," in ji shi. "Yau ka sake binne shi."

Da ma zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta bar zaren nan a kan teburin, kullum tana kallonsa.

Daga ranar ta kwantar da kai ta koyi aikin. Sai an bar kaset ya bushe a cikin roba mai murfi, tare da ƙananan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Sannan a kwance shi, a ɗaure hanci da hankici, a riƙa juya zaren da biro a hankali ana goge shi da ƙyalle mai laushi. Ranar da za a fara kunna shi kuwa, dole a haɗa da sabon kaset yana kwafa, don wani tsohon zaren ji ɗaya kawai ya rage masa.

Ana nan, damina ta ja baya. Wata rana Oga Iorfa ya tafi jana'iza a Obi, ya bar mata makulli. Da hantsi sai ga sallama.

Wata tsohuwar Bafillatana ce, Inna Adawiyya, daga wata ruga a wajen Adogi. Ɗanta Mahmuda ne ya kawo ta a babur. Shi ya ji labari a kara, wato kasuwar shanu, cewa kaset ɗin malamin nan suna wannan ɗaki.

"'Yata," in ji tsohuwar, "mai akwatin maganar nan ya taɓa kwana a rugarmu. Ya ɗauki maganar maigidana, Modibbo. Shekara da shekaru ke nan da rasuwarsa. Fuskarsa ina riƙe da ita. Muryar ce ta fara ɓace mini. In na nemo ta a kaina, sai ta Mahmuda ta fito."

Mardiya ta duba cikin kwalaye. Cikin ikon Allah ta samo shi, an rubuta sunan Modibbo da Adogi a jiki. Amma da ta ɗaga shi wajen taga sai ta ga fumfuna. Ya yi fari fat.

"Inna, ga shi. Sai dai ba zai kunnu yau ba. Yana da ciwo, sai an yi masa jinya."

Mahmuda ya kalli rediyon da ke kan tebur. "Malama, ga rediyo ga wuta. Mene ne wahalar? Kafin sabon wata za mu tashi da shanu mu yi kudu. Tsohuwar nan kina ganin kowace rana za ta iya hawa babur?"

"Ko kaɗan ne, 'yata," in ji Inna Adawiyya. "Ko sallamarsa kawai."

Babu kowa a ɗakin da zai hana. Hannun Mardiya har ya kai kan rediyon. Sai idonta ya sauka a kan cukurkuɗaɗɗen zaren nan na mai waƙar niƙa. Ta janye hannunta.

"Ki yi haƙuri, Inna. In na kunna yanzu, wataƙila ki ji sallamar, daga nan shi ke nan har abada. Ki ba ni lokaci."

Tsohuwar ta miƙe, ta gyara mayafinta. "Muryar mijina ce, ba ta gwamnati ba. Ashe har matacce sai an nemi izini kafin a gaishe shi."

Mahmuda ya tsaya a bakin ƙofa. "Karatun boko ke nan. A nuna wa mai ƙishi rijiya, a zauna a kan murfin."

Bayan sun tafi Mardiya ta kifa kai a tebur ta yi kuka. Da ta idar da sallar azahar ta roƙi Allah abu biyu: ya ara wa tsohuwar nan kwana, ya kuma hana hannunta rawa.

Washegari ta ba Oga Iorfa labari. Ya ce, "Sun zage ka?"

"Sun zage ni, Oga."

"To, yanzu ka fara aiki."

Kaset ɗin ya ɗauki makonni. Kullum da safe sai ta buɗe robar ta leƙa, kamar mai jiran daddawa ta nuna. Ranar da ta fara goge zaren, sai ta tsinci wurin da ya kusa tsinkewa, ta ɗaure shi da ɗan siririn salatif na musamman da Oga ke ɓoyewa a durowa. Da a ce ta kunna shi ranar da su Inna Adawiyya suka zo, a daidai wurin zai yanke.

Sabon wata ya tsaya, ya yi kwanaki. Sannan ita da Oga suka kunna, sabon kaset yana kwafa. Muryar ta fito tun daga bisimilla har ƙarshe. Suka yi kwafi biyu, ɗaya na ɗakin, ɗaya na iyalan Modibbo.

Amma rugar Adogi ta tashi. Mardiya ta bi kara tana tambaya, har wani dillali ya ce mata sun sauka a bayan Agyaragu. Ranar Asabar ta ari rediyon babanta, ta sayi batir, ta shiga mota.

Ta tarar da Inna Adawiyya kwance a kan tabarma a inuwar bukka, ta rame. Tsohuwar ta ɗaga kai. "Mai zama kan rijiya ce?"

"Ni ce, Inna. Yau na zo da guga."

Ta danna rediyon. Muryar dattijo ta cika rugar, yana bayanin tsofaffin burtalai da maganin ciwon kofato. Mata suka ajiye ƙwarya. Jikokin da ba su taɓa ganinsa ba suka matso. Mahmuda ya juya baya yana kallon shanu, kafaɗarsa tana motsi.

Can a tsakiya Modibbo ya katse bayani, aka ji ya ɗaga murya: "Ke, ba za a kawo wa baƙo kindirmo ba ne?" Daga nesa wata murya ta mace mai ƙuruciya ta amsa, "Ga ni nan zuwa."

Inna Adawiyya ta dafa ƙasa ta fara yunƙurin tashi. Sai ta tsaya, ta rufe baki da mayafi, tana dariya hawaye na zuba.

"Ku ji shi," in ji ta. "Yana kabari ma bai daina aikena ba." Ta juya wajen surukarta. "To, ba ku ji abin da ya ce ba? A kawo wa baƙuwa kindirmo."

Wannan wurin yana bayan inda zaren ya kusa tsinkewa. Da an kunna ranar farko, da babu wanda zai ji shi.

Tsohuwar ta riƙe hannun Mardiya ta sa mata albarka har sai da la'asar ta yi. Da lokacin sanin makamar aikinta ya ƙare kuma, Oga Iorfa da kansa ya nemi a dawo masa da ita idan ta gama karatu. Ya ce ya samu wanda zai bar wa makulli.

Darasi: Ba kowane tausayi ne ke cewa "to" ba. Wani lokaci mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda zai jure fushinka yau don kada ya ba ka rabin abin da Allah ya nufe ka da samunsa cikakke. Sauri ya haifi nawa, amana kuma sai da haƙuri. Ku tura wa 'ya'yanku masu koyon aiki, ku kuma tura wa wanda ya taɓa ce muku "ku jira" kuka yi fushi da shi.