Mai Hatimi da Sakamakon Gwajin Ruwa

A wata hukumar ruwan sha an yi wani shugaban sashen adana takardu da ake kira Mai Hatimi. Ba ya makara wurin aiki, amma girman kai ya yi masa katutu. A ganinsa, duk takardar da ta shiga kabad ɗinsa ta zama tasa. Doka ta ba kowa ikon neman bayanan hukuma a rubuce, kuma dole a amsa masa cikin wa'adi. Sai dai wa'adin ba ya somawa sai da shaidar cewa an karɓi buƙatar. Saboda haka ya kulle hatimin karɓa a aljihun teburinsa.

Akwai wata malamar makaranta da 'yarta ta daɗe tana fama da ciwon ciki da kasala. Likita yana zargin ruwan famfon unguwarsu, amma ya ce ba zai sauya magani da ka ba, sai ya san abin da ke cikin ruwan. Hukumar kuwa ta riga ta ɗebi ruwan ta gwada, ta yi gum. Malama ta kai takardar neman sakamakon. Mai Hatimi ya ce hatimi ba tawada. Da ta koma, sai ta dangwara masa kwalba a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ga tawada. Buga mini."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, ko an ba ki sakamakon, me za ki gane? Wannan ba jarrabawar 'yan firamare ba ce."

"Ba sai na gane ba, likita zai gane. Kai ma ba gadon sakamakon ka yi ba, ajiya aka ba ka."

Ya nuna mata ƙofa. A gida yayanta ya ce, "Ki haƙura, ƙanwata. Mutanen nan ba a ja da su."

Ta ce, "Yaya, kai ka haƙura. Ni ce nake wanke aman yarinyar."

A zaman jiran da ta sha a bencin ofishin, ta lura da wani abu. Duk lokacin da ɗan aike na kamfanin kai saƙo ya shigo da ƙunshi mai kyau, Mai Hatimi ba ya barin kowa ya taɓa. Da kansa yake miƙewa ya sa hannu, don a san da manya yake hulɗa. Sai ta saka buƙatarta a ambulan mai kauri, ta sa kamfanin ya rubuta abin da ke ciki a jikin rasit, ta aika. Ya karɓa da fara'a, ya zuba sa hannu har da ƙawa. Da ya buɗe, ya ja tsaki ya wurga ƙarƙashin tebur.

Wa'adi na cika Malama ta nufi kotu. Mai Hatimi ya rantse bai taɓa ganin buƙatar ba. Alƙali ya ɗaga rasit ya ce, "To, wannan sa hannun na aljani ne?"

Aka umarci hukumar ta fitar da sakamakon a ranar. Ya nuna gubar dalma daga tsofaffin bututu. Aka rufe famfon, likita ya sauya magani, yarinyar ta fara cin abinci. Amma likitan ya faɗa wa uwar gaskiya: jinkirin ya bar wa yarinyar rauni, za ta daɗe tana zuwa asibiti. Shi kuwa Mai Hatimi, aka kore shi saboda ƙarya a gaban kotu da tauye haƙƙin jama'a.

Darasin shi ne, takardun hukuma na jama'a ne, ma'aikaci mai tsaro ne kawai, kuma ɓoye su na iya cutar da rai. Kai kuma mai nema, kada tsawa ta kore ka. Nemi a rubuce, riƙe shaidarka, ka tsaya a kan haƙƙinka. Ba alfarma ka je roƙo ba.